Amsar Kawu kan sadakar wanda ya rasu a hannun Jamus

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kana so a yi wa ƙanen kakanka sallar gawa, tunda ya rasu a tsare a Yaƙin Hitila, babu wanda ya sallace shi a nan Damagaram.

Sallar dai ka bar ta. Mu ƴan mazhabar Malikiyya ne, malamanmu na Birni ba su sallatar gawar da ba ta gabansu. Masu yi suna kafa hujja da sallar da Annabi (SAW) ya yi wa Najjashi, ban ce sun ɓata ba, amma ba tafarkin gidanmu ba ne. Abin da muka gada shi ne sadaka: a kira malamai su sauke Alƙur'ani, a dama gumba, a raba goro, a ambaci sunansa da na ubansa a addu'a. Uku da bakwai da arba'in sun wuce tun tuni, amma sadaka ba ta da wa'adi, kuma ba ta tambayar inda kabari yake.

Sai dai idan jama'a sun taru, kada ka ce musu ya shiga soja don son Faransa. Kumandan, baturen mulkin Faransa na lokacin, shi ke yanka wa sarakuna adadin samarin da za a kai soja, masu unguwa su bi gida-gida. Da Faransa ta faɗi a watan Yunin 1940, Jamusawa suka kama dubban sojojin Afirka. Wasu ma ba a kai su sansani ba, a nan take aka harbe su, kamar a Chasselay kusa da Lyon. Yawancin sauran aka tsare su a cikin Faransa kanta, don Jamus ba ta son baƙar fata a ƙasarta. Sanyi da yunwa da tarin fuka suka ci da yawa, har da namu. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira kuwa, da suka nemi kuɗin aikinsu na soja a Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944, sojan Faransa ne ya buɗe musu wuta.

Matarsa ta yi shekaru ba aure ba takaba, domin matar wanda aka kama ba ta sake aure sai mutuwarsa ta tabbata. Ita ma a sa ta a addu'ar.

Na kuma ji iyalinka na da juna biyu. In Allah Ya kawo namiji, a mayar masa da sunan, mu riƙa kiransa Baba. Ka gaya mini ranar da ka tsayar, geron gumba daga wurina.