Gidauniyar da Ta Raba Duk Ribarta, Amma Aka Ce Akwai Saura

Ɗana, na ga 'yar takardar da ka bari a kan teburina tare da fayil ɗin gidauniyar iyalin nan da na damƙa maka, kuma tambayarka ta yi mini daɗi, domin ta nuna cewa ka karanta fayil ɗin a tsanake kafin ka fara cike gurabe. Ka ce abu biyu ne suka ɗaure maka kai. Na farko, gidauniyar ta samu ribar dala 400,000 daga jarinta a bara, ta kuma fitar da dala 400,000 cif wajen ayyukan taimako, amma na rubuta a gefen lissafinka cewa akwai sauran kuɗin da ya wajaba ta fitar. Na biyu, ka san gwamnatin Amurka ta yafe wa irin wannan ƙungiya harajin kuɗin shiga, saboda haka ba ka ga dalilin da za mu aika wa hukumar haraji ta IRS da kuɗi da sunanta ba.

Amsar duka biyun tana komawa ga dokar gyaran haraji ta 1969. Kafin wannan doka, attajiri yana iya zuba dukiyarsa a gidauniya, a rage masa haraji saboda kyautar, sannan dukiyar ta zauna shekara da shekaru tana hayayyafa a ƙarƙashin ikon iyalinsa ba tare da mabukata sun ga abin kirki ba. Ɗan majalisar wakilai Wright Patman na jihar Texas ya shafe shekarun 1960 yana tona irin wannan, har majalisa ta raba ƙungiyoyin taimako gida biyu: masu samun kuɗinsu daga hannun jama'a da yawa, da kuma masu dogaro da aljihun mutum ɗaya, ko iyali ɗaya, ko kamfani ɗaya. Na biyun nan su ne gidauniyoyi masu zaman kansu, kuma tun da babu taron masu ba da gudummawa da za su sa musu ido, sai doka ta ɗauki wannan aiki da kanta. Fom ɗin 990-PF da ke gabanka shi ne hanyar da take bi ta duba su kowace shekara.

Inda lissafinka ya kauce shi ne ka auna wajibin rabo da ribar da aka samu, alhali doka da dukiyar da aka mallaka take aunawa. Abin da ake nema shi ne kashi 5 cikin ɗari na ƙimar kadarorin jari a kasuwa, ko an ci riba a shekarar ko an tafka asara. Ƙimar kuma ba ta ranar 31 ga Disamba kaɗai ba ce, wadda na lura ita ka ɗauka daga takardar dillalin hannun jari ta ƙarshe. Hannayen jarin da ake cinikinsu a kasuwa ana ɗaukar ƙimarsu wata-wata a fitar da matsakaicin watanni goma sha biyu. Tsabar kuɗin da ke banki ana haɗa abin da ke asusu a ranar farko da ranar ƙarshe ta kowane wata a raba biyu. Filaye da gine-gine na jari ana iya dogara da ƙimar da ƙwararre mai zaman kansa ya yi musu har tsawon shekara biyar. Ginin da gidauniyar take gudanar da ayyukanta na taimako a ciki ba ya shiga wannan lissafi.

Bari mu bi alƙaluman fayil ɗin, na ɗan daidaita su domin sauƙi. Matsakaicin ƙimar jarin ya kama dala 10,000,000. Doka ta yarda a cire kashi 1.5 cikin ɗari a matsayin tsabar kuɗin da ake riƙewa domin hidimar yau da kullum, wato dala 150,000, saura 9,850,000. Kashi 5 cikin ɗari na wannan shi ne 492,500. Daga ciki ana cire harajin ribar jari na shekarar, wanda zan zo kansa, kuma a nan dala 5,560 ne. Abin da ya wajaba a raba ke nan dala 486,940. An fitar da 400,000, saboda haka akwai giɓin dala 86,940.

Kada wannan ya tayar maka da hankali, domin ba a riga an karya doka ba. Gidauniya tana da wa'adi har ƙarshen shekarar da ke biye ta cike giɓin, kuma duk abin da ta fitar a bana ana fara biyan bashin bara da shi kafin a lissafa saura a kan wajibin bana. Sai dai idan wa'adin ya wuce ba a cike ba, harajin ladabtarwa na kashi 30 cikin ɗari na giɓin yana hawa kanta, wato dala 26,082 a wannan fayil, kuma idan aka ci gaba da jan ƙafa bayan hukuma ta yi magana, yana kaiwa kashi 100. Na sha ganin amintattu, wato masu kula da gidauniya, suna murna cewa suna da shekara guda ta rangwame, su manta cewa kuɗin da suka cike giɓin bara da shi ya rage abin da za a lissafa musu a bana, ta haka giɓi ya riƙa girma a ɓoye har ranar da ya fi ƙarfin tsabar kuɗin da ke hannu. A ɗaya ɓangaren kuma, idan aka raba fiye da wajibi, rarar tana bin gidauniyar har shekara biyar ana cin moriyarta, kuma wajibi ne ka duba fom na shekarun baya ka gani ko akwai irin wannan rara kafin ka tabbatar wa kowa da adadin giɓi. Na duba na wannan gidauniya, babu.

Batun haraji ya fi sauƙi. Gudummawar da mai gidauniya ya zuba ba a karɓar haraji a kanta. Abin da ake cajin haraji a kai shi ne ribar da jari ya haifar, wato kuɗin ruwa, ribar hannun jari, kuɗin haya, da ribar sayar da kadara, bayan an cire abin da aka kashe wajen samo su. A 1969 an fara da kashi 4 cikin ɗari, a kan hujjar cewa gidauniyoyi su ɗauki nauyin binciken da ake yi musu. An sauko da shi zuwa kashi 2 a 1978, daga baya aka ƙara wata ƙa'ida da ke mayar da shi kashi 1 ga wadda ta ƙara yawan rabonta, lissafin da ya wahalar da akantoci shekaru da dama kuma ban yi kewarsa ba ko kaɗan. Dokar da aka sa wa hannu a Disambar 2019 ta mayar da shi kashi 1.39 ga kowa. Dala 400,000 sau kashi 1.39 shi ya ba mu 5,560 ɗin nan. Ka kuma tuna cewa idan harajin shekara zai kai dala 500, ana biyansa kashi-kashi a cikin shekarar, ba a jira lokacin miƙa fom.

Yanzu buɗe shafin farko na fom ɗin, domin a nan ne aikin hannunmu yake, kuma a nan ne sabon shiga ya fi yin tuntuɓe. Za ka ga layuka huɗu a tsaye. Na farko yana ɗauke da kuɗin shiga da na fita kamar yadda suke a littattafan gidauniyar. Na biyu domin lissafin ribar jari ne, wanda haraji ke hawa kansa. Na uku ya fi shafar gidauniyoyin da ke gudanar da ayyukansu da kansu, kamar gidan tarihi ko ɗakin karatu, kuma a fayil irin wannan yawanci ba ka da aiki da shi. Na huɗu shi ne abin da aka kashe domin taimako, wanda ake lissafawa a kan wajibin kashi 5. Na ga ka yi ta ƙoƙarin sa jimillar layukan ta zo daidai, har ka goge takardar ta kusa hujewa. Ba a yi su domin su zo daidai ba, kowanne tambayarsa daban.

Ɗauki albashin ma'aikaciyar ofishin. Idan rabin lokacinta tana tantance masu neman tallafi, rabi kuma tana bibiyar takardun dillalan jari, albashin gaba ɗaya yana shiga layi na farko, rabinsa layi na biyu, rabinsa layi na huɗu, kuma dole a samu hujjar wannan rabo a rubuce, a kuma riƙe tsari ɗaya daga shekara zuwa shekara. Kuɗin da ake biyan mai ba da shawara kan jari layi na biyu ne kawai mazauninsa. Ina sabon shiga na taɓa sa irin wannan kuɗi a layi na huɗu, bisa tunanin cewa duk abin da gidauniya ta kashe taimako ne, sai lissafina ya nuna an cika wajibi alhali akwai giɓi. Maigidana bai ɗaga murya ba, jan biro kawai ya zagaye adadin da shi ya turo mini fayil ɗin, na kwana biyu ina neman inda matsalar take. Haka kuma layi na huɗu ba ya karɓar alkawari. Tallafin da amintattu suka amince da shi a taron Disamba amma kuɗin bai fita ba sai Janairu, na sabuwar shekara ne, ko da littattafan gidauniyar sun riga sun rubuta shi a matsayin bashi.

Akwai kuma tarkon hannun jarin da aka ba da kyauta. A ce mai gidauniya ya sayi hannun jari a kan dala 10 shekaru talatin da suka wuce, ya ba gidauniyar ranar da yake dala 100, ita kuma ta sayar a kan 105. Littattafanta za su iya nuna ribar dala 5, amma wajen haraji ana komawa ga farashin da mai kyautar ya saya, saboda haka ribar dala 95 ce. Takardar dillali sau da yawa ba ta ɗauke da wannan tsohon farashi, sai ka nema daga iyalin tun ranar da kyautar ta shigo, kafin wanda ya san tarihinta ya manta ko ya rasu. Asarar sayar da kadara kuma tana rage ribar sayarwa ta shekararta ne kawai, ba a ɗaukar ragowarta zuwa gaba.

Ba ka tambaye ni game da shafin tambayoyin eh ko a'a ba, amma da ka tambaya da na ce ya fi duk lissafin nan hatsari. A nan ake tambaya ko an yi wata mu'amala tsakanin gidauniyar da mai ita, ko iyalinsa, ko amintattunta, ko kamfanonin da suke da babban kaso a ciki. Doka ta haramta saye da sayarwa da haya tsakaninsu ba tare da duba ko cinikin ya yi wa gidauniyar daɗi ba. Ko mai gidauniya ya sayar mata da gini a rabin farashinsa don tausayi, laifi ne. Yana iya ba ta ofis kyauta, yana iya ranta mata kuɗi ba ruwa domin aikin taimako, ana kuma iya biyansa albashi daidai gwargwado idan yana yi mata aikin da take bukata, amma da zarar ta biya shi kuɗin haya, ko kaɗan ne, an shiga haramun. Harajin farko kashi 10 cikin ɗari ne na kuɗin da cinikin ya shafa, a kan wanda ya yi cinikin da ita, daga aljihunsa, da kashi 5 a kan amintaccen da ya amince yana sane, kuma yana kaiwa kashi 200 idan ba a warware cinikin ba. Ana bayyana wannan a fom 4720. Saboda haka kada ka amsa waɗannan tambayoyi daga kanka. Ka bi takardun banki layi-layi, duk sunan da ya yi kama da na iyalin ka tsaya a kansa, musamman inda gidauniya ta biya wani alkawarin gudummawa da mutum ya ɗauka da sunan kansa, ko ta sayi tikitin liyafa iyali suka je suka ci. A wannan fayil na ga tallafi ɗaya da ya tafi ga wata ƙungiya a ƙasar waje, kuma irin wannan yana bukatar ko dai hujjar cewa ƙungiyar daidai take da ƙungiyar taimakon jama'a a dokar Amurka, ko kuma yarjejeniya a rubuce da rahoton yadda aka kashe kuɗin. Ban ga ko ɗaya a ciki ba.

Game da lokaci, ana miƙa fom ɗin a ranar 15 ga wata na biyar bayan rufe shekarar kuɗi, wato 15 ga Mayu ga wannan gidauniya, kuma ta intanet ake miƙawa yanzu. Fom 8868 yana ba da ƙarin wata shida na miƙawa, amma ba ya ɗage biyan haraji. Wadda ta yi shekara uku a jere ba ta miƙa ba tana rasa yafiyar harajinta kai tsaye. Ana kuma aika kwafi ga babban lauyan gwamnatin jihar da take. Ka sani cewa takardar nan a buɗe take ga kowa: ɗan jarida, mai neman tallafi, da maƙwabcin mai gidauniya duk suna iya karanta albashin amintattu, da sunan duk wanda aka ba tallafi, har da sunayen waɗanda suka ba gidauniyar dala 5,000 ko fiye, abin da ba a bayyana wa jama'a a takardun sauran ƙungiyoyin taimako. Don haka kada lambar shaidar wani mutum ko lambar asusun banki ta kuskura ta shiga takardun da za ka haɗa.

Ka nemo takardun dillali na watanni goma sha biyu ka sake fitar da matsakaicin ƙimar da hannunka, ka raba albashin nan tsakanin layi na biyu da na huɗu, sannan ka rubuta wa amintattu wasiƙa ta neman takardun tallafin ƙasar wajen, kana sanar da su adadin giɓin da ranar da wa'adinsa zai cika. Ka kawo mini wasiƙar in duba kafin ta fita.