Amsa ga ƙanena mai son zuwa Amurka buga ƙwallon ƙarti

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, ina fata su Baba da Inna suna lafiya. Ka ce shekararka 19, ka gama WAEC bara, tsawonka ya kusa mita 2, kana buga ƙwallon kwando a Kaduna, sai wani mutum ya gan ka a fili ya ce da wannan jikin naka ƙwallon ƙafar Amurka ya kamata ka buga, a cikin ƙartin nan na layin gaba. Ya ce zai haɗa ka da wani koci a nan, za a ba ka karatu kyauta, in ka yi sa'a ka shiga NFL, babbar gasar ƙwararrun wannan wasa, amma sai an fara ba shi kuɗi masu kauri. Kana tambaya ko a sayar da filin Baba a biya.

Kada a sayar da filin. Wannan ita ce amsata tun kafin in ce komai. Sauran bayanin zan yi maka shi ne don ka san abin da kake nema, domin ba duk abin da mutumin ya faɗa ne ƙarya ba: jiki irin naka ana nemansa a nan ruwa a jallo, kuma akwai 'yan Najeriya da suka bi wannan hanya suka kai. Sai dai yadda suka kai ɗin ne bai gaya maka ba.

Bari in fara da aikin kansa, tunda na san ba ka taɓa zama ka kalli wasa ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Kowane ɓangare 'yan wasa 11 ne a fili. A ɓangaren masu kai hari, mutum 5 suna durƙusawa a jere a gaba: ɗaya a tsakiya shi ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, biyu a kafaɗunsa, biyu a can gefe. Aikinsu su tare abokan karawa kada su kai ga mai jifan ƙwallo, ko su ture su su buɗe wa mai gudu da ƙwallo hanya. Ba sa cin maki, galibi ba sa ma taɓa ƙwallon. Abu mafi kusa da shi a wurinmu shi ne kokawa, sai dai kokawar 'yan daƙiƙoƙi ce da za a maimaita sau 60 ko 70 a yamma ɗaya, da ƙato mai kilo 120 ko 140 da ya taho a guje. Na je kallon wasan wata sakandare a nan Jojiya, na zauna kusa da shinge. Abin da ya tsaya mini a rai ƙarar haɗuwar hulunan kwano ce, da yadda wani yaro ɗan layin gaba ya fito hutu yana huci, an naɗe masa yatsunsa duka da filasta, ana zuba masa ruwan ƙanƙara a ƙeya. Ba wanda ya kira sunansa a lasifika duk daren, sai sau ɗaya da alƙalin wasa ya kama shi da laifin riƙe riga.

Mutumin da labarinsa ya fi kama da naka shi ne Prince Tega Wanogho, ɗan jihar Delta. An haife shi a 1997, ya zo Amurka a 2014 da niyyar buga ƙwallon kwando, a wata makarantar kuɗi mai suna Edgewood Academy a jihar Alabama, yana zaune a gidan wasu Amurkawa da suka riƙe shi. A can aka ga tsawonsa da gudunsa aka sa masa hular kwano. Kaka ɗaya tak ya buga, a ɓangaren masu tsaron gida ma, manyan jami'o'i suka yi masa caa. Yana cikin wannan farin jini ya karye a ƙafa a wasan kwando a farkon 2015. Duk da haka jami'ar Auburn ta ɗauke shi. Shekararsa ta farko bai buga ko wasa ɗaya ba, jinya da koyo kawai. A 2016 aka mayar da shi layin gaba, wurin da bai taɓa tsayawa ba, aka sa shi cin abinci da ɗaga ƙarfe har ya ƙara fiye da kilo 20. Sai a 2017 ya fara samun gurbi a gefen hagu, wanda shi ne wuri mafi nauyi a layin, domin shi ke kare bayan mai jifa, inda ba ya ganin abin da ke tahowa. A wannan shekarar mahaifiyarsa ta rasu a gida Najeriya. Ya fara wasanni fiye da 30 a Auburn, a filin da ke ɗaukar mutum sama da 87,000, kuma a 2019 aka sa shi a sahu na biyu na gwanayen rukunin SEC, rukunin da ya fi kowane zafi a ƙwallon jami'o'i.

To ka ji abin da ya biyo baya. Ana sa ran za a ɗauke shi da wuri a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2020, sai likitoci suka gano matsala a gwiwarsa. Ya zauna yana jira har zagaye na 6, shi ne na 210, ƙungiyar Philadelphia Eagles ta ɗauke shi. Kafin a fara kaka suka cire shi daga jerin 'yan wasa 53, suka ajiye shi cikin 'yan atisaye, waɗanda ake ba su albashin mako kuma ana iya sallamarsu kowace safiya. Daga nan ya koma Kansas City Chiefs a 2021. A Fabrairun 2023 Chiefs suka doke Eagles da ci 38 da 35 a wasan ƙarshe na Super Bowl, ya samu zoben zakara, amma a matsayin ɗan benci. A watan Satumba na wannan shekarar ya ji rauni a cinya, kakar ta wuce shi.

Ina girmama wannan bawan Allah ƙwarai, kuma ba don in rage masa daraja na kawo labarinsa ba. Ina so ka lura cewa wannan shi ne labarin wanda ya yi nasara. Ya zo yana ɗan shekara 16, ya samu gida, ya samu makaranta, ya samu babbar jami'a, ya shafe kusan shekara 9 yana fama, kuma abin da ya samu a ƙarshe gurbin mai jiran gado ne. Akwai waɗanda suka fi shi samu. Chukwuma Okorafor, wanda aka haifa a Najeriya, iyalinsu suka zauna a Afirka ta Kudu da Botswana kafin su iso Amurka a 2010, ya yi jami'ar Western Michigan, Pittsburgh Steelers suka ɗauke shi na 92 a 2018, ya yi shekaru yana fara musu wasa, har suka sabunta masa kwantiragi na kusan dala miliyan 29 a 2022. Amma shi da iyayensa ya zo, a nan ya yi sakandare. Ƙungiyoyin NFL 32 ne kacal, mutum 250 da 'yan kai suke zaɓa a shekara, kuma hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA da kanta ta ce ƙasa da kashi 2 cikin 100 na 'yan wasanta da suka isa zaɓe ne ake ɗauka. Wanda ya shiga ma, matsakaicin zamansa bai fi shekara 3 da 'yan watanni ba.

Yanzu ga inda lamarinka ya bambanta da na Wanogho, kuma nan ne nake so ka natsu. Shekarunka. Yawancin jihohi ba sa barin wanda ya cika 19 kafin shekarar karatu ya buga wa sakandare wasa, don haka ƙofar da ya shiga ta rufe maka. Na san abin da mutumin naka zai ce: a rage maka shekaru, a yi sabon fasfo. Kada ka yarda, ƙanena. Sunanka da ranar haihuwarka suna rajistar WAEC da NIN, kuma duk wanda ofishin jakadanci ya kama da ƙarya a takardun biza, ana iya haramta masa shiga ƙasar har abada. Ban da haka, ƙarya ce da za ka riƙa ɗauke da ita a gaban mutanen da suka ba ka ɗaki a gidansu.

Jami'a kuma ba koci kaɗai ke shigar da mutum ba. NCAA tana da ofishin tantancewa da kowane ɗan wasa ke rajista da shi, su duba sakamakon sakandarenka darasi bayan darasi: Turanci, lissafi, kimiyya da sauransu. Suna karɓar WAEC da NECO. Sannan suna lissafa lokacin da ka ɓata bayan gama sakandare, kuma da zarar ka shiga jami'a cikakken ɗalibi, ko a Zariya ce ko a Kano, agogon shekarun da suka yarda ka buga wasa ya fara bugawa. Kocin da ke son ka da gaske zai yi maka magana da adireshin imel na makarantarsa, sunansa yana shafin jami'ar, zai nemi bidiyonka da sakamakonka, makarantar ce za ta aiko maka da takardar I-20 da ake neman bizar ɗalibi da ita. Babu inda dillali ke karɓar miliyoyi a wannan tsari. Kuɗin da ake biya wajen biza na gwamnatin Amurka ne, dala 350 na rajistar ɗalibai da dala 185 na neman biza, kuma da hannunka za ka biya.

Ita kanta bizar ta yi wuya fiye da da. A Disamban 2025 gwamnatin Amurka ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa biza, har da ta ɗalibai, ta kuma rufe wa 'yan Nijar ƙofa gaba ɗaya, kamar yadda ta yi wa Chadi da Sudan tun watan Yuni. Irin wannan doka tana canzawa, don haka ka duba shafin ofishin jakadancin da ke Abuja ka ga inda aka tsaya. Amma duk wanda ya ce maka a wannan yanayi yana da hanyar biza a aljihunsa, kuɗinku yake so.

Akwai wata hanya da ba ta bi ta jami'a ba, kuma ita ta fi dacewa da mai shekarunka. Tun 2017 NFL take da shirin ɗauko 'yan ƙasashen waje ta horar da su. Ta nan Jordan Mailata ya shigo, ɗan Ostireliya mai buga zari-ruga wanda bai taɓa buga wannan wasa ba. Eagles suka ɗauke shi na 233 a 2018, sai a 2020 ya fara shiga fili, yau yana cikin gwanayen gefen hagu kuma ya ci Super Bowl a 2025. Osi Umenyiora, tsohon ɗan wasan New York Giants, yana shirya sansanin gwaji don 'yan Afirka, kuma NFL ta yi irin wannan taro a Gana a 2022, a Kenya a 2023, a Legas a 2024. Ta hannunsa Roy Mbaeteka ya samu sa hannu da Giants a 2022 a matsayin ɗan layin gaba. Mutane ƙalilan ake ɗauka, yawancinsu kuma a rukunin 'yan atisaye suke tsayawa, amma aƙalla gwaji ne na gaskiya: za a auna tsawon hannunka, a sa ka gudun yadi 40, a ga yadda kake lanƙwasa gwiwa da ƙugu. A layin gaba saurin ƙafa ya fi girma muhimmanci, kuma nan ne ƙwallon kwandonka zai yi maka rana. Kada ka daina buga shi.

Dole kuma in gaya maka abin da wasan ke yi wa jiki, domin Inna za ta tambaye ni wata rana. A 2017 masu bincike a jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan NFL 111 da suka rasu, suka samu cutar da yawan bugun kai ke haifarwa a 110. Iyalan da suka ga alamun ciwo ne suka fi ba da gawarwakin, don haka adadin ba na kowa da kowa ba ne, amma 'yan layi ne suka fi yawa a cikinsu, saboda su kansu ke haɗuwa a kowane tashi. Ga gwiwa, ga kafaɗa, ga nauyin da ake ɗora wa zuciya. Korey Stringer na Minnesota Vikings zafin rana ne ya kashe shi a atisaye a 2001, haka Jordan McNair na jami'ar Maryland a 2018, yana da shekarunka daidai. Dukansu 'yan layin gaba ne.

Maganar addini ba ta hana. Ryan Harris Musulmi ne, ya ci Super Bowl da Denver Broncos a gefen hagu. Oday Aboushi, ɗan asalin Falasɗinu, ya yi shekaru a NFL. Sai dai ka san cewa a ɗakin cin abincin 'yan wasa naman alade ne kan gaba da safe, azumi a 'yan shekarun nan yana faɗowa lokacin ɗaga ƙarfe da atisayen bazara, kuma kocin da ke son ka ƙara kilo ba zai ji daɗin ka wuni ba ci ba sha ba. Ana sasantawa, amma kai za ka buɗe baki tun ranar farko ka faɗi abin da ba ka ci da lokacin da kake salla.

Ga abin da nake so ka yi a wannan watan. Ka turo mini hoton sakamakon WAEC ɗinka. In akwai rauni a Turanci ko lissafi, ka sake zama. Ka sa a ɗauke ka bidiyo da waya kana gudu, kana tsalle, kana wasan kwando, a kuma auna tsawonka da nauyinka a gaban kyamara. Ka tuntuɓi EducationUSA da ke ofishin jakadanci a Abuja, su ne masu ba ɗalibai shawara a hukumance. Shi kuma mutumin, ka ce masa yayanka da ke Amurka yana son sunan kocin da sunan makarantar, zan kira ofishinsu da kaina. Ka gaishe mini da Baba, ka ce masa zan buga masa waya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci mu yi maganar filin.