Yadda tarakta ta raba manoman Ailan da doki

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce har bayan yaƙin duniya na biyu da doki manoman ƙasar Ailan suke huɗa, kuma gonakinsu ba wasu manya ba ne. To, yaya aka yi yanzu komai da inji suke yi? Gwamnati ce ta raba musu taraktoci? Daga wani manomi a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba rabo aka yi musu ba. Ƙarancin masu aikin gona ne ya fi tura su ga inji, kuma aka yi dace injin da ya yi daidai da ƙaramar gona ya fito a lokacin.

Tarakta ta daɗe a ƙasar kafin ta karɓu. Tun 1919 kamfanin Ford yake ƙera samfurin Fordson a birnin Kok na Ailan, amma galibi waje ake kai ta. Ga tsada, ga nauyi, ga haɗari: idan garma ta ci karo da dutse, tarakta kan ɗaga gaba ta kife kan direba. Wanda ya magance wannan ɗan manomi ne daga gundumar Down a arewacin tsibirin Ailan, Harry Ferguson. Maimakon a ja garma a baya, sai ya ɗaure ta a jikin tarakta ta wuri uku, ƙarfin mai yana ɗaga ta yana sauke ta. Da haka turjiyar ƙasa ke danne tayoyin baya, ƙaramar tarakta ta yi aikin babba. A 1946 aka fara ƙera 'yar taraktarsa mai launin toka, TE20, a Kobantiri ta Ingila, aka yi sama da dubu 500 cikin shekara goma. Jar Massey Ferguson da kake gani a gonakinmu daga wannan gida ta fito.

Sai hijira. Tsakanin 1951 da 1961 mutum wajen dubu 400 suka bar ƙasar, akasari matasan karkara da suka tafi neman aiki Ingila. A da maƙwabta kan taru su yi wa juna yankan ciyawa da sussuka, kamar gayyarmu. Da samari suka watse, dattijo ya ga ko ya sayi tarakta, ko da ta hannu ce, ko ciyawarsa ta ruɓe a fili.

A ganina ma lantarki ya fi tarakta sauya rayuwar gida. A 1946 hukumar lantarki ta ƙasar, ESB, ta fara kai wuta karkara, aka samu famfon ruwa da injin tatsar madara. Ka tuna yawancin ƙasar makiyaya ce, arzikinta shanu ne. Da suka shiga tarayyar kasuwar Turai a 1973, farashin madara da nama ya tashi, tallafin gyaran gona ya zo, banki ya saki jiki ya ba da bashi.

Ga abin da masu tambaya irin taka suka fi tsallakewa. Matsakaiciyar gona a can hekta 33 ce ko kusa da haka, ba za ta biya kuɗin babban injin yankan ciyawa ba. Ruwan sama kuma ba ya barin ciyawa ta bushe, shi ya sa suka koma danƙare ta ɗanya a rufe da leda har hunturu, aikin da ke son a gama shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Don haka mafi yawa 'yan kwangila suke kira, masu yawo da injinansu gona-gona, a biya su gwargwadon eka ko yawan dami. Manomi ya riƙe 'yar taraktarsa ta aikin yau da kullum, babban aiki ya bar wa ɗan haya.