Kwana uku a tsibiri da yara uku: wace kyamara zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina da yaranmu uku, masu shekara 12, 8 da 4, muna shirin yin kwana uku a wani ƙaramin tsibiri da babu kowa a kansa, a yankin teku mai zafi. Za mu kafa tanti a bakin ruwa, mu yi hayar ƙaramin kwale-kwale mai inji wanda ni zan tuƙa, don na taɓa tuƙa irinsa a tafki. Babban burina in ɗauko hotunan kunkurun teku da tsuntsaye. Wace kyamara da wane lensi ya kamata in saya? Kuma akwai abin da ya kamata in kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zan zo kan kyamara, amma ka yi mini haƙuri in jinkirta ta, don tambayarka ta biyu ta fi ta farko nauyi. Da na karanta saƙonka, aiki uku na gani a wuyan mutum ɗaya: kai ne matuƙi, kai ne mai hoto, kai ne kuma uban ɗan shekara huɗu da ke wasa a bakin teku. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku. Wanda ya manna ido a kyamara ba ya ganin komai sai abin da ke cikin gilashi, kuma yaro idan ruwa zai ci shi ba ya ihu, shiru yake yi, kafin minti ɗaya ya cika sai a neme shi a rasa. Saboda haka tun daga gida ku raba aiki da uwargida, ku faɗa da baki: daga yanzu zuwa ƙarfe kaza yara na hannunki, ni zan bi tsuntsaye, bayan nan mu sauya. "Na ɗauka kana kallonsa" ita ce maganar da ba na so ku taɓa yi wa juna.

Tuƙin kuma, da so samu ne ka bar wa ɗan gari. Tafki daban, teku daban. Tafki ba ya cikowa ya janye, ba shi da duwatsun murjani da ke laɓe taƙi ɗaya a ƙarƙashin ruwa suna jiran farfelar inji. Matuƙin da ya tashi a wurin ya san ƙofar da ake bi a shiga tsibirin, ya san kuma lokacin da ƙofar ke rufewa. Ka biya shi ya kai ku, ya zo ya zaga da ku da safe, ya dawo ya kwashe ku ranar da kuka yi alkawari. Hannayenka biyu sun zama na kyamara ke nan.

In kuwa ka dage sai ka tuƙa, to kowa ya sa rigar ceto tun kafin a tada inji, har da kai, kuma ta ƙaramin ta zama daidai jikinsa, mai igiyar da ke bi ta tsakanin cinyoyi, in ba haka ba yana faɗawa ruwa za ta zame ta kansa. Ka ɗaura igiyar kashe inji a ƙafarka ko a hannu, don in ka faɗa ruwa injin ya mutu nan take maimakon jirgin ya ci gaba da tafiya da iyalinka. Fetur ka kasa shi uku: kaso ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. Kada ka dogara da wayar salula, ka nemi rediyon oba-oba irin na jiragen ruwa, tasha ta 16 ita ce ta neman agaji a duk duniya. Ka bar wa wani a tudu bayanin inda za ku da ranar dawowa da sa'ar da in bai gan ku ba ya tada mutane. Tafiya da sassafe ake yi, domin a yawancin irin waɗannan wurare iska na ƙaruwa da rana ta take, ruwan da ka tsallaka lami lafiya da ƙarfe bakwai sai ya zama wani abu dabam da ƙarfe uku. Kuma ba a jefa anka, wato ƙarfen da ke tsayar da jirgi, a kan murjani, a kan yashi ake jefawa, ko a ɗaure a turken da hukuma ta tanada. Watan tafiyar ma ka duba shi: a Karibiyan da Tekun Atlantika lokacin mahaukaciyar guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, a kudancin Tekun Indiya da arewacin Ostireliya kuwa daga Nuwamba zuwa Afrilu.

Yanzu ga abin da ya fi kayar da baƙi, wato cikowar teku. A mafi yawan gaɓoɓi ruwa na cikowa sau biyu a yini, tsakanin wannan da wancan kimanin awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da wajen minti 50. Wata ne ke jan sa, rana na taimaka masa, shi ya sa a kwanakin tsayuwar wata da kuma lokacin da ya cika fal, cikowar ta fi hawa, janyewar ta fi nisa. Bambancin ya danganta da wuri. A Karibiyan bai cika wuce rabin mita ba, amma a gaɓar Zanzibar yakan kai mita uku zuwa huɗu, har ka ga teku ya ja baya da nisan da sai ka yi tafiya kafin ka taɓa shi. Ni kaina na taɓa shan wannan wahalar. Na kafa tanti da la'asar a kan wani yashi fari tas, bushe ƙayau, ina jin na dace, sai ga ni ƙarfe biyu na dare ina jan katifa a cikin ruwa da tocila a baki. Da gari ya waye na ga layin ciyayin teku da tarkacen itace yana bayan tantina, ba a gabansa ba. Wannan layin shi ne sa hannun ruwa, nan ya tsaya jiya. Ka wuce shi sosai, ka kuma sauke jadawalin cikowar ruwa na wurin a takarda kafin ka baro inda ake samun intanet.

Sai dai a nan akwai sarƙaƙiya, kuma ta shafi burinka kai tsaye. Wannan busasshen yashi da ke sama da layin ruwa, inda ya fi dacewa da tanti, nan ne macen kunkuru ke haƙa rami ta zuba ƙwai. Ita ma lissafinku ɗaya, gudun ruwa take yi. Turken tanti ɗaya zai iya huda ramin da ke da ƙwai sama da ɗari. Shi ya sa a tsibiran da ke ƙarƙashin hukumar gandun daji ba a kwana sai a wurin da aka keɓe, kuma sai da izini. Ka nemi izinin da wuri, don gurbin kaɗan ne.

Inuwa ma a kula da ita. Kada a kafa tanti a gindin kwakwa, dalilin a fili yake. A Karibiyan da kudancin Fulorida kuma akwai wata bishiyar bakin teku, manshinil, mai 'ya'ya kamar ƙananan tuffa, wadda Sifaniyawa suka yi wa laƙabi da ƙaramar tuffar mutuwa. Ruwan jikinta na ƙona fata, ko fakewa aka yi a ƙarƙashinta ana ruwan sama sai jiki ya yi bororo, hayaƙin itacenta kuma na illata ido. A wasu wuraren ana shafa mata jan fenti don gargaɗi. Ka kafa wa yaran doka: duk ɗan itacen da aka tsinta a ƙasa ba na ci ba ne.

Ruwan sha fa? Akwai tarin tsibirai kimanin kilomita 110 yamma da Key West a Amurka da ake kira Dry Tortugas. Wani matuƙi Basifaniye, Ponce de León, ya raɗa musu Tortugas, wato kunkuru, a 1513 saboda yawansu a wurin, daga baya masu zanen taswira suka ƙara kalmar Dry da ke nufin busasshe, don matuƙa su san babu ɗigon ruwan sha. Har yau mai kwana a can shi ke zuwa da ruwansa, ya kuma koma da shararsa. Ka ɗauki naka tsibirin a haka. Lita biyar ga kowane mutum a yini, ku biyar, kwana ukunku da ƙarin kwana ɗaya ko da iska za ta hana a zo ɗaukarku, lita 100 ke nan, wato kilo 100 a cikin ƙaramin jirgi kafin a sa tanti da abinci. Ka ga wani dalilin da ya sa na ce a nemi ɗan gari mai jirgin da ya isa.

Sauran ƙananan abubuwa ba za su gagare ka ba: takalmin shiga ruwa saboda kaifin murjani, riga mai dogon hannu da hula, tanti mai raga ƙanana ƙwarai don ƙwarin yashi na ratsa gidan sauro na yau da kullum, da abinci a cikin mazubi mai murfi saboda ƙaguwa da ɓeraye. In arewacin Ostireliya za ku, daga Nuwamba zuwa Mayu akwai jelifish, wata halittar ruwa mai laushin jiki da mugun dafi, ba a shiga ruwa sai da riga mai rufe jiki duka, kuma a tafi da ruwan khal don zubawa a inda ya harba. Manyan yaran biyu ka koya musu cewa in ruwa ya fara jan mutum zuwa ciki, ba a kokawa da shi, ana yin iyo a gefe ne, daura da gaɓa, har a fita daga bakinsa.

To, mu zo ga kyamara. Duk wata kyamara ta zamani da ake sauya wa lensi za ta yi, kada ka zuba kuɗinka a jikinta, ka zuba a lensin. Guda ɗaya mai zuƙowa daga milimita 100 zuwa 400 ya ishe ka, in ya yi tsada 70 zuwa 300 ma zai yi aiki. Na ce guda ɗaya da gangan, domin buɗe kyamara a bakin teku don sauya lensi gayyatar yashi da gishiri ce. Ga tsuntsu mai tashi ka sa saurin ƙiftawa, wato lokacin da kyamara ke buɗewa ta ɗauki hoto, 1/1000 na daƙiƙa ko mafi sauri, daga cikin jirgi kuma 1/2000, ka riƙe da hannu, kada ka jingina ta da jikin jirgi don karkarwar inji za ta shiga hoton. Farin yashi na ruɗin kyamara ta duhunta hoto, sai ka ƙara mata haske da mataki ɗaya. Kusa da tsakiyar duniya rana na fitowa wajen ƙarfe shida ta faɗi wajen shida, kuma ba ta jan lokaci, don haka hasken nan mai laushi ɗan taƙi ne safe da yamma. Tsakar rana lokacin inuwa ne da barcin yara. Da dare ka hure yashi tukuna kafin ka goge gilashi, ka share jikin da ƙyalle mai ɗan danshin ruwan daɗi, ka rufe ta a jaka marar shigar ruwa tare da ƙullin nan masu tsotse laima. Batir uku aƙalla, tunda babu inda za ka yi caji.

Lensi mai nisa amfaninsa shi ne ka tsaya nesa, ba ka matsa ba. A tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado doka ce mita biyu tsakaninka da kowace dabba, kuma ba a kunna filasha. A Hawayi ana so a bar wa kunkuru mita uku. Ga tsuntsun da ke kwanci wannan ma ya yi kaɗan: in ya miƙe wuya yana kallonka, ka riga ka wuce gona da iri, in ya tashi kuwa rana za ta gasa ƙwan cikin 'yan mintoci ko wani tsuntsun ya sure ɗan tsakon. Ƙaramin jirgin sama marar matuƙi ka bar shi a gida, an hana shi a gandayen dajin Amurka da na Galapagos, kuma tsuntsaye shaho suke ɗaukarsa.

Kunkuru kuwa da dare take fitowa, kuma hoton dare shi ne wanda nake roƙonka ka haƙura da shi. In haske ya dame ta kafin ta fara zuba ƙwai, juyawa take ta koma ruwa da su. 'Ya'yan, da ke ƙyanƙyashewa bayan kimanin wata biyu, hasken sararin teku suke bi, tocila ɗaya ko wutar da kuka hura sai ta ja su zuwa tudu, inda ƙaguwa da rana ke jiransu. Ku kashe fitilu, in dole ne a yi amfani da ja mai rauni, ku zauna a bayanta ku yi kallo da ido. Hotonka yana asuba. Ka fita da ketowar alfijir ka nemi sawunta a kan yashi, kamar na tayar tarakta yake, daga ruwa zuwa tudu. In sawun hawa ne kaɗai babu na sauka, tana nan ba ta gama ba. Ka kwanta rub da ciki daga gefe, ba a kan hanyarta ba, kyamara daidai tsayin idonta, ka jira ta wuce. Ɗan shekara 12 ɗin zai iya kwanciya kusa da kai da wayarka a hannu, ƙananan biyu kuma a wannan sa'ar suna cikin tanti tare da mahaifiyarsu.