Kafin ku rushe bangayen nan, Malam

Wa alaikumus salam. Ka ce kun kama hayar hawa ɗaya a Kano, ku ashirin da biyar ne, yawanci masu rubuta manhaja, kuma kana son a cire bangaye a yi fili guda irin na hotunan ofishin Facebook. Sau biyu na shiga wannan aikin a kamfaninmu, na farkon kuwa ya ba mu wuya, shi ya sa na kasa wucewa ban tanka ba.

Abin da kake shirin yi shi muka fara yi. Muka cire katangu, muka jera dogayen tebura, muka yi fenti mai ɗaukar ido. Ba a yi wata guda ba kowa ya toshe kunnensa da abin sauraro. Masu amsa kiran kwastoma dole su yi magana, aikinsu ke nan. Shi kuma mai rubuta manhaja yana riƙe da abu goma a kansa lokaci guda, kira ɗaya a gefensa ya isa ya watsar masa da su. Mutum biyu cikin ƙwararrunmu suka koma zuwa bayan Magariba don su samu shiru. Daga baya na ga binciken da Ethan Bernstein da Stephen Turban na Jami'ar Harvard suka fitar a 2018, inda suka bi manyan kamfanoni biyu da suka koma buɗaɗɗen ofis: magana ido da ido ta ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari, imel da saƙonni suka ƙaru. Abin da muka gani da idonmu ke nan.

A karo na biyu ban sayi ko kujera ba sai da na yi mako biyu ina lura da mutane: wa ke yawan kira, wa ke buƙatar shiru, ina ake taruwa ba tare da an ce a taru ba. Sai muka raba wurin. Can ciki, nesa da ƙofa, ɓangaren shiru, ba kira ba hira. Kusa da ƙofa da wurin shayi, ɓangaren tattaunawa da allon rubutu. Sannan ƙananan ɗakuna biyu masu cin mutum ɗaya don kiran bidiyo. Waɗannan biyun sun fi babban ɗakin taronmu amfani nesa ba kusa ba, ban taɓa ganinsu a wofi da rana ba.

Ka kula da sauti. Tayil da gilashi da siminti duk mayar da murya suke yi. Labule mai kauri, silin mai shan sauti da kantocin littattafai a tsakani suna rage shi sosai. Kafet ma yana yi, amma ka tuna ƙurar hunturu, ka nemi na gutsi-gutsi wanda ake ɗaga ɗaya a wanke ko a canza.

In kana son ku riƙa sauya tsarin zama yadda kuke so kuwa, maganar a wurin mai wayarin take, ba a wurin mai fenti ba. Tebur mai taya ba zai je ko'ina ba idan soket yana manne a bango ɗaya. A sauko da wuta da wayar intanet daga sama a wurare da yawa, a kuma ware layin inbata da soket mai launi daban, don kada wani ya jona butar shayi ya kashe wa kowa kwamfuta. Tebura, kafintan gida zai yi maka su da kyau, tsayin santimita 73 zuwa 75. Kuɗin ka zuba su a kujera, don mutum zai yi awa takwas a kanta, kuma ciwon baya ba ya sallama. Kada allon kwamfuta ya fuskanci taga ko ya ba ta baya, a sa shi a gefe. Tagogin yamma kuwa a yi musu kariya daga waje, ka san ranar Afrilu a Kano, zafi kan wuce digiri 40.

Akwai abin da ba za ka gani a waɗancan hotunan ba: wurin sallah da wurin alwala na kansa, daban da banɗaki. Mun manta da shi a farko, kullum ƙasan banɗakinmu a jiƙe. Mata su samu banɗakinsu, da ƙaramin ɗaki mai makulli don mai shayarwa. Wata abokiyar aikinmu ta ce min wannan ɗakin ne ya sa ta iya dawowa aiki bayan haihuwa. Ƙofofi kuma su kai santimita 90 don keken guragu ya wuce.

Tsarin kowa ya zauna inda ya samu, mun gwada, bai karɓu ba. Mutane na son wurin da za su bar kofinsu da dardumarsu. Muka ba kowane rukuni yankinsa, su shirya kansu a ciki.

Ka ajiye wani kaso na kuɗin har bayan wata uku da tarewa, lokacin ne gyaran gaske zai bayyana. In ka samu zanen hawan, ka sa shi nan tare da nuna gabas da inda janareta yake, mu duba tare.