Tambaya da Amsa: Wai me ke cikin damtsen biri da babu a namu?

Wannan makon saƙonnin da suka shigo guda uku duk a kan biri suke, ban san ko haɗa baki kuka yi ba. Na haɗe su wuri ɗaya tunda amsarsu ta ratsa juna.

TAMBAYA: Slm Malam, da fatan kana lafiya ya aiki. Dan Allah ina da tambaya, kwanaki gardawa sun zo wajen Kasuwar Barci da gwaggon biri da wani ƙaramin jan biri, ina tsaye ina kallo da ledar gyaɗa a hannuna wlh ban ankara ba ƙaramin nan ya fizge ledar har sai da na ji a kafaɗata, abin da duka-duka bai kai yaron goye nauyi ba. Da na ba da labari a majalisa sai musu ya kaure, wasu suka ce magani gardawan ke ba su, wani kuma ya ce ai babban biri ƙarfin maza biyar gare shi. Meye gaskiyar lamarin? Daga mai karatunku a Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri a kan gyaɗar. Batun magani dai mu ajiye shi gefe, domin wanda ya taɓa zuwa Yankari ya san gwaggon birin Wikki babu gardin da ya ba su komai amma haka suke warce abinci a hannun mutane, su buɗe jaka su yi gaba abinsu. Abin a cikin tsoka yake.

Ka tuna dambun nama idan an daka shi ya zama sili-sili? To kowane sili da ka gani dami ne na wasu ƙananan zaruruwa, kowane zare ɗaya siririnsa kamar gashin kai ko ma bai kai ba, kuma su ne suke tsukewa idan ka lanƙwasa hannu. Sai dai ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu jinkiri, ja ne launinsu saboda cike suke da wani sinadari mai riƙe iskar oksijin da ake kira mayoglobin, ga ƙananan hanyoyin jini sun kewaye su ko'ina, ba su da saurin tsukewa amma fa ba sa gajiya da wuri. Akwai kuma masu sauri, farare-farare, su sukarin da aka ajiye a cikin tsokar suke ƙonawa nan take ba sai sun jira iska ba, shi ya sa suke fizga da ƙarfi amma kafin ka ce kwabo sun sare. Ni yadda nake kwatanta wa yara a gida shi ne wutar gawayi da wutar kara. Kara ya kama bal-bal ya haska gida ya mutu, gawayi kuwa yana nan yana ci a hankali har tuwo ya nuna. A tsakaninsu akwai na uku, mai sauri ne amma yana da ɗan juriya, masana suna kiran masu jinkirin nau'i na 1, na tsakiyar 2a, masu saurin kuma 2x.

Ba sai ka je dakin bincike ba, ka sayi kaza a gasa maka. Ƙirjinta fari, cinyarta duhu-duhu, saboda kaza yini take tana yawo da tono da ƙafa, fiffike kuwa sai an biyo ta za ta yi fur ta haye katanga shi ke nan ta gaji. Tantabara da take shawagi a sama ƙirjinta ja ne wur. Wani likitan Faransa mai suna Louis Ranvier tun 1873 ya gwada wannan a jikin zomo, ya ga jan nama ya fi farin jinkirin tsukewa.

To biri masu saurin nan sun fi yawa a jikinsa. A 2017 wasu masana a Amurka ƙarƙashin Matthew O'Neill suka fitar da bincike kan babban birin nan marar wutsiya, cimfanzi, wanda mutanen Gashaka a jihar Taraba ke kira biri mai ganga saboda yadda yake dukan saiwar bishiya. Sun tarar kusan kashi 67 cikin ɗari na zaruruwansa masu sauri ne, mu kuwa 'yan Adam masu jinkirin ne suka rinjaya. Abin da ya fi ba ni mamaki a aikin shi ne da suka ɗauki zare ɗaya ɗaya suka gwada, na birin bai fi na mutum wani ƙarfi ba, kusan kunnen doki ne. Bambancin a yawan kowane iri yake da kuma tsawon zaren, nasu ya fi tsawo. Da suka haɗa lissafi sai ya nuna tsokar birin ta fi ta mutum mai girma ɗaya da ita da kamar sau 1.35. Tsokokin ƙugu da ƙafa suka auna a wannan aikin, a riƙe wannan.

Sau ɗaya da ɗan ɗori ke nan, ina maza biyar? Wannan zancen na abokinka yana da asali, ba shi ya ƙirƙira ba. A shekarun 1920 wani malami John Bauman ya kai sikelin ja gidan namun daji a Amurka, wata birinya mai suna Suzette cikin fushi ta ja, ya rubuta fam 1,260, wato sama da kilo 570, fiye da buhun siminti goma sha ɗaya. Daga nan labari ya bazu duniya. Da wani masani Glen Finch ya sake gwaji a tsanake a 1943 sai ya ga abin da manyan birai suka ja bai wuce abin da ƙartin maza suka ja ba, sai dai su biran ba su kai mazan nauyi ba. Amma ka san halin labari, mai daɗin shi yake yawo, gyaran ba mai jinsa.

Ƙari a kan haka, inda aka jibge tsokar ma ya bambanta. Manyan biran nan kusan kashi ɗaya cikin uku na tsokar jikinsu a hannuwa da kafaɗu take, mu kuwa kamar ɗaya cikin biyar, namu a cinya da ɗuwawu aka zuba. Shi kuma jan birin da ya yi maka fashi, ai shi ne zakaran gudu a duk dangin birai, yana kaiwa kilomita 55 a awa, kuma da hannuwan nan yake gudun, akwai su a dajin Kamuku ta Birnin Gwari da gonakinmu, manoma sun san ɓarnarsu. Ka haɗa hannun da aka yi don zabura da kai da ka saki jiki kana kallon wasa, ai dole ka ji a kafaɗa.

Amma kar ka raina kanka. A ce birin nan ya tura baro cike da doya daga Kasuwar Bacci zuwa Kawo, ko ya bi shanu tun safe har la'asar kamar yaron Fulani, ko ya yini yana kaftu a gona, ba zai kai ko'ina ba zai zube. Biri ya yi kama da mutum, amma a nan wajen kowa da rabonsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗaliba ce ina karanta ilimin sassan jiki, malaminmu ya ce ko a cikin damtse ɗaya ba a raba zaruruwan nan daidai ba, wai na can ciki kusa da ƙashi daban na waje daban, kuma ya kawo misali da biri amma gsky ban gane ba kuma kunyar tambaya nake a aji. Daga 'yarka a Unguwar Rimi.

AMSA: 'Yata, ki daina jin kunyar tambaya, kuɗin makaranta aka biya. Malaminku ya yi daidai, kuma tambayarki ta fi ta kowa kai wa ga damtsen kansa.

Yawancin abin da aka sani kan hannun biri daga wani birin Indiya aka samo shi, rhesus, shi ne aka fi amfani da shi a dakunan bincike. Yadda ake yi, a yanko tsoka a daskarar da ita a yi mata yanka siriri ta kwance, a zuba rini, to idan kika leƙa a madubin ƙara girma sai ki ga kamar tabarma mai kala biyu, wani gida baƙi wani fari, a cakuɗe. Sai a bi a ƙirga. Abin da ake gani a damtsen birin shi ne masu sauri sun fi yawa a akasarin tsokokin, amma kina nutsawa ciki wajen ƙashi masu jinkiri suna ƙaruwa. Wannan tsarin ba biri kaɗai ba, haka yake a kyanwa da ɓera da sauran dabbobi da yawa.

Dalilin kuwa ki dubi tsokar bayan damtse, wadda take miƙar da gwiwar hannu, mai kai uku ɗin nan da kuke haddacewa. Mu hannunmu a sake yake yana lilo, amma shi biri hannunsa ƙafa ce, a kai yake tsayawa. In yana tsaye da huɗu a kan reshe dole wani abu ya riƙe gwiwar hannun kar ta lanƙwashe, kuma riƙon ba na minti ɗaya ba ne. Wannan aikin gadi na ɓangaren can ciki ne, gajere, manne da ƙashi, mai yawan jan zare. Manyan ɓangarorin waje kuwa suna hutawa abinsu sai an zo tsalle ko faɗa ko fizgar gyaɗar mutanen Tudun Wada. Jiki ma da tsari yake kiran su, ƙananan jijiyoyi masu tada zaruruwan jinkiri su ake fara kunnawa, sai nauyi ya ƙaru a kira manya, wani masani Elwood Henneman ne ya bayyana wannan ƙa'ida, za ki haɗu da sunansa a jarrabawa in ba ki riga kin haɗu ba.

A jikinki ma akwai irin wannan mai gadin, sai dai a ƙafa yake tunda da ita kike tsayuwa. Tsokar da ke ƙarƙashin sha-raɓa, ta ciki, kusan kashi 80 cikin ɗari masu jinkiri ne, ita ke riƙe ki a layin banki. Ƙwanjin gaban damtsen mutum kuwa kusan rabi da rabi ne, na bayan ya ɗan fi karkata ga masu sauri.

Kuma kar ki ɗauka duk dangin biri haka suke. Akwai wata 'yar dabba a dazukan Asiya, loris, mai tafiyar hawainiya, ita tsokarta masu jinkiri da juriya ne suka cika ta, ga wani curin ƙananan hanyoyin jini a hannu da ƙafa da ke ba ta damar damƙe reshe awa da awanni ba ta saki ba. 'Yar'uwarta potto tana nan a kurmin kudancin Najeriya da irin wannan damƙa. Wato in kin ga yadda dabba take neman abincinta, kin kusa sanin abin da za ki tarar in kin yanka tsokarta.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ina ɗaga ƙarfe a Murtala Square kullum da safe, shin akwai yadda zan yi in mayar da tsokata duk ta zama mai saurin nan? Wani ya ce min wai har cin naman biri yana sa ƙarfi.

AMSA: Barka kadai maigida. Na biyun dai babu shi, duk naman da ka ci ciki narkar da shi yake ya wargaza, zaren biri ba zai bi jini ya je ya liƙe a damtsenka ba, in da haka ne da masu cin ƙirjin kaza sun fara tashi sama. Ga haɗarin cuta a naman daji, hukuncinsa a addini kuma ka tambayi malamai, ba fagena ba ne.

Na farkon kuma, yawancin rabon gado ne, da shi aka haife ka. Manyan 'yan tseren mita ɗari za ka tarar masu sauri sun kai kashi 70 ko fiye a cinyarsu, masu gudun fanfalaki irin 'yan Kenya da Habasha kuwa akasin haka. Motsa jiki yana iya juya 2x ya koma 2a, wannan kam yana faruwa cikin 'yan watanni ko ma makonni, amma jan zare ya rikiɗe ya zama fari gaba ɗaya abu ne mai wuya, kaɗan yake motsawa. Abin da ƙarfen yake yi maka shi ne yana ƙara wa zaruruwan kauri, musamman masu saurin, kuma yana koya wa jijiyoyinka su tashe su da yawa lokaci guda, shi ya sa sabon shiga yake jin ƙarfinsa ya ƙaru tun kafin ƙwanji ya fito. In zabura kake so irin ta 'yan dambe, ɗaga mai nauyi sau kaɗan da hanzari ka huta sosai tsakani, in juriya ce ɗauki marar nauyi ka yi ta maimaitawa.

Kuma dan Allah ko ƙwanjinka ya kai tulu, in gardawa sun zo wucewa da gwaggon biri kar ka ce za ka gwada hannu da shi don a ɗauke ka a waya a sa a TikTok. Ba damtsen ne abin tsoro ba, fiƙar babban namiji ta kai tsawon ɗan yatsa, kuma cizonsa sai an haɗa da ɗinki da allurar haukan kare.