Amsa: Ta tafi Peru shan ayahuwaska?

'Yar'uwa, kina tambaya ko abokiyar aikinki Baturiya mai ciwon damuwa ta tafi Ikitos a ƙasar Peru, inda masu maganin gargajiya ke ba baƙi ayahuwaska. Kada ta je muddin tana shan ƙwayoyin damuwa irin su Prozac. Ayahuwaska jiƙo ne da ake dafawa daga wata kurangar daji da ganyen cakaruna, kuma sinadarin kurangar ba sa ga maciji da waɗannan ƙwayoyi. In suka haɗu, sirotonin, wani sinadarin ƙwaƙwalwa, kan yi wa jiki yawa: zazzaɓi, karkarwa, bugun zuciya, wani lokacin har a rasa rai. Kuma don Allah kada ta yanke ƙwayoyin da kanta don ta samu tafiya, sai likitanta ya amince.

Maƙwabcina a nan Jamus ya je. Ya ba ni labarin daren farko: bukka zagaye, duhu, kowa da bokitin amai a gabansa, wata tsohuwa 'yar ƙabilar Shipibo tana rera waƙoƙin warkarwa har tsakar dare. Ya ce ya ji sauƙi, ban musa masa ba. Amma ba wanda ya tambaye shi maganin da yake sha kafin a miƙa masa ƙoƙon, ga asibiti sai an yi awanni a kwalekwale. Wasu masu maganin ma kan ƙara wa jiƙon towe, ɗan'uwan zaƙami, ba tare da sun faɗa ba.